Yadda ake ajiye ƙoton roba mai ƙamshi na kamun kifi ba tare da ya lalace ko ya cutar da wani ba

Duk wanda ya fara fatsa da ƙoton roba mai ƙamshi, irin wanda ake ƙerawa da siffar tana ko ɗan kifi ko jatan lande, ya san abin akwai sauƙin aiki. Ba sai ka je haƙar tana ba, ba ya mutuwa a hanya, ka buɗe leda ka zaro ɗaya ka soka a ƙugiya shikenan. To amma abin da mutane da yawa basa kawowa a ransu shi ne ƙamshin nan da aka zuba masa don ya jawo kifi, ba kifi kaɗai yake kira ba. Kare yana jinsa, mage tana jinsa, ɓera da kiyashi suna jinsa, yaro mai rarrafe kuma yana ganin abu mai laushi mai launin ja ko kore kamar alewa. Shi kansa ƙoton kuma haɗin sinadarai ne, in ka ajiye shi inda bai dace ba zai narke, ko ya bushe, ko ya cinye akwatin da ka zuba shi. Ga yadda nake bi da nawa tun daga ranar da ya shigo hannuna har ranar da zan rabu da shi.

Mataki na farko, ka san wane iri ne a hannunka, don duk sauran maganar a kan wannan ta rataya. Kusan iri uku ne. Akwai na gama-gari wanda ake yi da robar PVC da aka cakuɗa da wani mai da ke sa ta yi laushi, shi ne mafi daɗewa, tun 1949 wani mutum Nick Creme ya fara zuba tanar roba irin wannan a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. In ka taɓa shi zaka ji maiƙo a yatsa, in ka ja da ƙarfi ya tsinke. Akwai na biyu da ake yi da wata roba mai talewa da ake kira TPE, irin wanda kamfanin Z-Man ke yi da sunan ElaZtech, shi wannan zaka ja shi ya ninka tsawonsa sau da yawa ya koma yadda yake, kuma yawanci yana yawo a saman ruwa. Na uku shi ne wanda aka gina shi a kan ruwa, irin Gulp! na kamfanin Berkley, yana zuwa a jiƙe cikin leda ko cikin ɗan bokiti da ruwan ƙamshinsa, shi jikinsa kamar soso yake, yana shan ruwan yana sakinsa a hankali cikin kogi. In ledar bata faɗa maka ba to ka yi gwajin ja ɗin nan, sannan ka ɗauki alƙalamin maka ka rubuta a jikin ledar da hannunka.

Mataki na biyu, kuma wallahi da za a ce in zaɓi ɗaya tak a cikin duk abin da zan faɗa shi zan zaɓa: ka bar kowane ƙoto a cikin ledar da ya zo da ita. Na san sha'awar da ke kama mutum in ya samu sabon akwati mai gida-gida, ya ji yana so ya zazzage komai ya jera su gwanin kyau. Kar ka yi. Ni na yi sau ɗaya, na haɗa mai talewa guda biyar da na PVC a gida ɗaya na rufe, bayan kamar sati biyu na buɗe sai na tarar da wani dunƙulen abu mai danƙo, wutsiyoyin sun narke sun shige juna, launin ja ya bi fari ya rine shi, ƙasan akwatin ma ya yi wani laushi yana manne wa yatsa. Abin da ke faruwa shi ne man da ke cikin kowannensu ba ya zama wuri ɗaya, yana fita ya shiga duk robar da ta taɓa shi, in ba jinsinsu ɗaya ba sai su narkar da juna. Ko jinsinsu ɗaya ne ma launi yana zuba, mai duhu yana ɓata mai haske, ƙamshin tafarnuwa ya bi na kaguwa ka rasa gane wanne ne wanne. Ita ledar asali an yi ta ne don ta riƙe man da ƙamshin. Duk lokacin da ka zaro ɗaya ka matse iskar ciki, ka ja zif ɗin tun daga wannan gefen har wancan, ka sake bi da yatsa ka tabbatar ya kama, don sau da yawa yashi ko gishiri na shiga layin zif ɗin ya hana shi rufuwa kai kuma kana ganin ka rufe. In ledar ta yage ka saka ta yadda take cikin wata leda mai zif mai kauri. Ka kwantar da su a miƙe kuma, wutsiyar da ta kwana wata guda a lanƙwashe haka za ta zauna, a cikin ruwa ba za ta yi rawar da ake so ba.

Mataki na uku, akwatin da za ka zuba ledojin. Juya shi ka duba ƙasansa, akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. In ka ga 5 ko haruffan PP to wannan yana jure man ƙoton PVC. In ka ga 6 ko PS, wato robar nan mai ƙarfi mai gani har hanji wadda ke tsagewa in ta faɗi, ka nisanta ta da ƙoto, man yana cin ta. Haka yake cin fentin ƙoton katako da na roba mai tauri, da marfin waya, da gilashin tabarau na roba, duk abin da ka bari ya kwanta a kai. Mai talewa kam ko a akwati mai lamba 5 ni bana zazzage shi tsirara. Shi kuma mai ruwa matsalarsa yoyo ce, in marfin bai zauna daidai ba ruwan zai bi jaka ya jiƙa komai, kuma ƙarnin nan in ya kama yadi ko kujerar mota sai an sha wahala kafin ya fita. Ka goge bakin bokitin kafin ka murɗa marfin, ka tsayar da shi a tsaye, ka saka shi cikin wani mazubin mai marfi na biyu. Kwalaben ƙamshi na fesawa ko na shafawa suma haka, kowacce da ledarta.

Mataki na huɗu shi ne abin da za ka yi da ka gama kamun kifi, tun kana bakin ruwa kafin gajiya ta ce maka bari sai gobe. Cire ƙoton daga ƙugiya. Kar ka taɓa barin ƙoto mai ƙamshi a jikin ƙugiya ka jingine sanda ka tafi, dalilai biyu ne kuma duka masu nauyi. Na ɗaya, da yawa daga cikin na PVC ana cusa musu gishiri a ciki don su yi nauyi kifi kuma ya riƙe su a baki, gishirin nan da laima suna cin ƙarfe, kwana kaɗan zaka ga tsatsa ta fito daidai inda ƙugiyar ta shige jikin robar, wurin da ido ba ya gani, sai ranar da babban kifi ya kama ta karye. Mai ruwa kuma in ya sha iska ya bushe yana ƙanƙancewa ya yi tauri kamar busasshiyar fata, sai ka sa wuƙa kana yanka kafin ka ceto ƙugiyarka, a nan ma mutane ke yanke yatsa. Na biyu, wanda ya fi damuna, ƙoto mai ƙarni da ƙugiya a ciki yana lilo a tsayin hancin kare, ai tarko ka ɗana a gidanka. Bayan ka cire, ka ɗauraye ƙugiyoyi da ruwa mai tsabta musamman in a teku ka yi, ka baza su su bushe sarai sannan ka mayar akwatinsu daban. 'Yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi, ka jefa biyu a akwatin ƙugiya, amma kar ka sa su a ledar ƙoto mai ruwa. Wanda ka yi aiki da shi kuma bai yage ba, in mai ruwa ne ka ɗauraye laka da majinar kifi ka mayar da shi cikin ruwansa ya sake sha, in na PVC ne ka goge shi ya bushe ka sa a wata 'yar leda ta waɗanda aka taɓa amfani da su.

Mataki na biyar, zafi da rana. Motar da aka rufe aka bari a rana cikinta na iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, saman dashbod ma ya fi haka. A irin wannan zafin ƙoto yana saki, man yana tsatsafowa ya taru a gindin leda, ƙamshin ya tashi, kwalba mai iskar fesawa kuma tana iya fashewa. Man kifi na gaske da ake sa wa wasu yana lalacewa da zafi da iska, zaka ji ƙarnin ya juya ya koma wani wari mai ɗaci kamar tsohon fenti. Saboda haka but ɗin mota ba ma'aji bane, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye ma haka. Ka nemi wuri mai inuwa mai sanyi-sanyi wanda ba laima. Wasu na sa mai ruwa a firij, ni gaskiya bana goyon bayan a sa shi inda ake ajiye abinci, ba ya buƙata, kuma nan ne wurin da kowa a gida ke buɗewa da yaƙinin duk abin da ke ciki na ci ne.

Mataki na shida, inda za ka ajiye a cikin gida, nan zan ɗan daɗe. Sama da kulle, duka biyun tare. Sama kaɗai bata isa ba don yaro ɗan shekara uku yana jan kujera, mage kuma babu inda bata hawa. Leda kaɗai bata isa ba don kare yana jin ƙamshin ta cikinta ya tauna ta har da abin ciki, ɓera ma haka. Ka samu akwati mai tauri mai maƙulli ko aƙalla mai maɗauri biyu, ka sa a kabad da ake rufewa. Dan Allah kar ka juye ruwan ƙamshi a robar lemo ko ta ruwan sha ko wani kwanon kicin don wai na asalin yana yoyo, yaro ba ya karanta rubutu, siffar kwalba yake ganewa. Ka tuna wasu ma da gangan aka yi su da ƙamshin kayan marmari, tun 1967 da Tom Mann ya fito da tanarsa Jelly Worm ake yin haka, kaga abu mai laushi mai ƙyalli mai ƙamshin inabi, me zai hana yaro kai shi baki. Kuma ko an rubuta a leda cewa ba guba bane ko yana ruɓewa da kansa, wannan ba ya nufin abin ci ne, yana iya shaƙe yaro, yana iya toshe hanjin dabba. In yaranka sun kai shekarun bin ka bakin ruwa ka zaunar da su ka nuna musu, ka ce wannan na kifi ne, ba a sa shi a baki, ba a buɗewa sai ina nan.

Mataki na bakwai, jikinka kai kanka. Man da ke sa PVC laushi a wasu ƙoton yana daga cikin sinadaran da ake kira fitalet, waɗanda Tarayyar Turai da Amurka suka taƙaita wasunsu a kayan wasan yara. Taɓawa da hannu a bakin ruwa ba abin tashin hankali bane, amma ka daina cizon kan tana da haƙori don ka rage tsawonta, almakashi ko filaya na nan. Haka ƙugiya mai kan dalma da 'yan dalmar da ake matsewa a zare, dalma guba ce mai taruwa a jiki kuma ta fi yi wa yara illa a ƙwaƙwalwa, kar a matse ta da baki. A Ingila tun 1987 aka hana amfani da yawancin ƙananan dalmar fatsa saboda yadda take kashe manyan tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu ko ka taɓa ido, ɗauraya da ruwan kogi ba ta cire mai. In fesawa zaka yi ka juya wa iska baya ka riƙe ƙoton nesa da fuska, in ya shiga ido ka yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar minti 15. Wanda kuma jikinsa ba ya shiri da kifi ko jatan lande ko kaguwa, wato in ya ci yana borin jini ko kumburi, ya karanta ledar da kyau ya sa safar hannu, don wasu ƙamshin daga jikin waɗannan halittun ake tatso su. Wani abu kuma, maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana narkar da roba, in ka shafa ka wanke tafin hannu kafin ka taɓa ƙoto ko zare.

Mataki na takwas, in tsautsayi ya faru. In kare ko mage ya haɗiye ƙoto da ƙugiya kaga zare na leƙowa daga baki, kar ka ja, ko kaɗan kar ka ja, jan nan ne ke sa ƙugiyar ta kafe a maƙogwaro ko ta yaga ciki. Kar ka yi ƙoƙarin sa shi amai. Kar ka yanke zaren gajere har ya shige, ka bar shi da ɗan tsawo ka riƙe shi sako-sako, ka nufi likitan dabbobi a take, hoton ciki zai nuna inda ƙarfen yake. Ko ba ƙugiya, in ya cinye leda guda ta roba ka kira likita, ka sa ido ko zai fara amai, ko ya ƙi cin abinci, ko ya kasa kashi. In yaro ne ya haɗiye ko ya sha ruwan ƙamshin, ka cire abin da ya rage a bakinsa, kar ka tura masa yatsa don ya yi amai, ka ɗauki ledar ko kwalbar ku tafi asibiti da ita don likita ya ga me ke ciki. In ƙugiya ta shige ka a hannu kuma ƙayar bakinta bata nutse ba, ka zare ta ta hanyar da ta shiga, ka wanke da sabulu sosai don man ƙamshin da dattin ruwa sun bi ta ciki. In ƙayar ta nutse, ko a fuska ne, ko kusa da gaɓa ko jijiya, ka yanke zaren ka cire ƙoton ka bar wa ma'aikatan lafiya sauran. A ido kuwa kar a taɓa ta sam, a kifa ɗan kofi a kai a ɗaure, a tafi. Ka faɗa musu yaushe rabonka da allurar tetanus, in ya wuce shekara 5 kuma ciwon mai datti ne galibi za su sake maka. Ni dai yanzu ina matse ƙayar yawancin ƙugiyoyina da filaya, kuma bana jefa fatsa ba tabarau a idona.

Mataki na tara, bakin ruwa. Wanda ya yage kar ka wurga shi ruwa kace ai ƙarami ne. Kifi na tsintarsa a ƙasa saboda ƙamshin, cikinsa kuma ba ya narkar da roba, wasu ma kumbura suke yi in sun daɗe a jiƙe, sai su zauna a tumbin kifin su rage masa cin abinci. Maganar ta yi girman da a 2013 aka kai ƙudiri majalisar jihar Maine a Amurka na neman hana ƙoton roba gaba ɗaya, bai zama doka ba amma ya sa masu fatsa da yawa suka farga. Ka riƙa tafiya da leda ɗaya ta shara a aljihu. Ka duba ƙoton bayan kowane kifi, in kansa ya tsage yana zamewa ka canza shi kafin jifa ta gaba ta tafi da shi, ɗigon gam mai saurin kamawa a wuyan ƙugiya yana riƙe shi sosai. Kuma da yake kifi na riƙe mai ƙamshi a baki ya daɗe har ya haɗiye, in kana da niyyar sakinsa kar ka jira, da ka ji ya ɗauka ka ɗaga sanda. In zaka yi fatsa a wata ƙasa ko wani ruwa mai dokoki ka karanta dokar wurin, a jihar Colorado ta Amurka misali, a yawancin ruwan da aka ce ƙoton ƙira kawai za a yi fatsa da shi, mai ƙamshi ba ya cikin waɗanda aka yarda da su.

Na ƙarshe, duba da zubarwa. Duk wata ɗaya ko biyu ka fito da akwatin ka bi ledojin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi danƙo yana manne wa ɗan'uwansa, wanda ya yi fumfuna, wanda warinsa ya juya, mai ruwan da ya bushe ya ƙame, duk ka fitar. Bokitin da ruwansa ya ja baya har kawunan suka fito waje, ka ƙara masa irin ruwansa na asali ko ka juye su a ƙaramin mazubi don ruwan ya rufe su. Wajen zubarwa ka tabbata ba ƙugiya a jiki, ka ƙulle su a leda biyu ka sa a shara mai marfi inda dabba ba za ta tona ba, tsofaffin ƙugiyoyi kuma ka zuba a gwangwani ka matse bakinsa. Kar ka ƙona, hayaƙin PVC yana ɗauke da iska mai ƙona huhu da idanu. Masu tara yagaggun na PVC suna narkarwa su sake zubawa, ana yi, amma robar sai ta kai wajen digiri 175 take narkewa, ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki sai ta yi tsalle ta fallatsa, kuma in ta sauka a fata mannewa take yi tana ci gaba da ƙuna. In zaka yi ka yi a waje inda iska ke kaɗawa, da safar hannu mai kauri da tabarau da riga mai dogon hannu, da kwano da na'urar ɗumamawa waɗanda ba za su sake komawa kicin ba, kuma kar ka jefa mai talewa ko mai ruwa a cikin tukunyar.